Maiwar Kaka da Inabin Italiya

Ni akawu ne, aikina riƙon littattafai a ofishin hakimi, irin aikin nan da iyayenmu su ke ce wa aikin En'e tun zamanin da a ke da En'e. Shekara kusan ashirin ke nan ina rubuta sunayen mutane, da na ƙauyuka, da na gonakin da aka yi gardama a kansu. Ban taɓa zaton wata rana zan buɗe littafi domin in rubuta sunayen hatsi ba. Dalilin buɗe littafin nan shi ne zan ba ku labari, ya ku 'yan'uwa, domin na san yawancinku manoma ne, kuma abin da ya same ni ya sami da yawa daga cikinku.

An haife ni a wani ɗan ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, ba nisa da fadamar Rima. Gonarmu kashi biyu ce. Ta tudu jigawa ce, nan mu ke shuka gero, wanda mu Gobirawa mu kan kira hatsi kurum, da wake a tsakaninsa. Ta gangare kuwa ƙasarta ta fi nauyi, tana riƙe laima, nan Baba ya ke shuka dawa da maiwa. Maiwar nan fara ce, mai dogon kara. A gidanmu ba ta da wani suna sai maiwar Kaka, domin kakata ta wajen uba ita ce ta zo da irin daga gidansu sa'ad da aka kawo ta aure. Da tsufa ya kama ta, sai ta danƙa wa surukarta, watau Inna, mahaifiyata.

Kun san halin maiwa. Gero wata uku ya ke yi a gona ya nuna, amma ita sai ta yi wata huɗu da rabi ko biyar. Ko da wuri ka shuka ta, ba ta fid da kai sai damina ta gangara, yini ya fara raguwa, kāna a yanke ta tare da dawa. Furarta fara sol, ga gardi, kuma karanta ya fi na gero kauri da tsawo, ya kan yi darni mai ƙarko. Amma tana da aibu biyu manya. Na ɗaya, idan ruwa ya ɗauke da wuri ba ka samun kome sai kara. Na biyu, tun da ita ke saura a gona bayan an kwashe gero, jan baki ya kan taru a kanta. Baba ya gaya mini kafin farin 1973 da wuya ka sami gida a ƙauyenmu da ba ya shuka maiwa. Da aka sake shan wani farin a 1984, sai mutane suka tsorata da duk abin da ke daɗewa a gona, suka yi ta barinta ɗaya bayan ɗaya.

Wajen shekara ta 2010, bayan Baba ya rasu, aka fara kawo mana wani sabon irin gero mai suna Sosat. Asalinsa daga ƙasar Mali ne. Masanan aikin gona na cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri suka gwada shi, aka ba manoman Nijeriya shi a shekara ta 2000. Iri ne nagari, ba ni kushe shi. Yana nuna da wuri, zangarniyarsa cike ta ke, kuma ya fid da gidaje da yawa daga yunwar Agusta. Ni na rubuta sunayen waɗanda za a ba irin, saboda haka sai na ga kaina kamar ɗaya daga cikin masanan. Na tafi gida na sami Baffa, ƙanen Baba, wanda gandu ke hannunsa, na ce, "Baffa, a daina ɓata wuri da maiwa. A sa sabon iri a tudu, a cika gangare da dawa mai saurin nuna." Baffa ya yarda.

Inna tana jin mu daga bakin madafa. Ita ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗanta na fari, sai dai ta ce Malam. Ta ce, "Malam, ku yi naku na zamani. Wagga maiwa ta girme ka, ta girmi babanku, ba ni barin ta mutu hannuna." Na yi dariya, na ce tsofaffi ba su son sabon abu. Ba ta tanka mini ba. Daga shekarar nan sai ta riƙa shuka ta a gayaunarta, kunya goma ko sha biyu, ita da jikokinta su kore tsuntsu. Kowace kaka ta kan zaɓi zangarniyoyi masu kyau ta rataye su a madafa, inda hayaƙi ke dukansu.

Abin da ya biyo baya ba sai na gaya wa mutumin Gobir ba. 'Yan bindiga suka shigo ƙasarmu. Cikin watan Mayu na 2020 suka faɗa wa Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Sabon Birni, suka kashe fiye da mutum 70. Aka riƙa aza wa ƙauyuka tara kafin a yi shuka, a sake aza musu wata kafin a yi girbi. Dubban mutane suka bar gidajensu, waɗansu suka shigo Isa da Sabon Birni, waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Namu ƙauyen ya jure har ƙarshen 2021. Bayan an gama kai amfani gida, wata rana da dare aka zo aka kora dabbobi, aka cuna wa rumbuna wuta.

Kwana biyu bayan wannan, Inna ta iso gidana a Isa da ƙafa, ita da matan Baffa da yara. Ba ta ɗauko kwanoninta ba, ba ta ɗauko akwatin tufafinta ba. Abin da ke cikin ƙunshinta zane biyu ne, da carbi, da wata 'yar gora liƙe da laka. Ashe tun da aka fara jin ƙishin-ƙishin, ta sussuke zangarniyoyin iri, ta gauraya da toka, ta ɗura a gorar, ta ajiye kusa da shimfiɗarta. Maiwar da ke ciki ba ta fi rabin tiya ba.

A nan ne na yi kuskure na biyu. Da daminar 2022 ta kama, Inna ta ce in nemo mata wurin da za ta shuka. Ni kuwa ina fama da bakuna goma sha tara a gida, albashi bai kai tsakiyar wata. Na ce, "Inna, a bari sai mun koma gida." Har akwai ranar da abinci ya yanke mana, maiɗakina ta ce ko a fasa gorar nan a dama wa yara kunu. Inna ta kwance bakin zanenta, ta fid da 'yan kuɗin da ta ke ɓoyo don goro, ta miƙa, ta ce a sayo gari. Gora dai ba a taɓa ta ba. Damina ta wuce, ban nemo wuri ba.

Cikin bazarar 2023 wani abokina malamin gona ya zo ofis neman wata takarda. Muna taɗi na ba shi labarin gorar Inna, ina yi kamar abin dariya. Shi bai yi dariya ba. Washegari ya kawo mini wata mujallar aikin gona ta Turanci, ya nuna mini wani shafi, ya ce in karanta. Turancina na firamare ne, sai da na yi dare biyu a kansa, inda ya gagare ni kuma ya fassara mini. Labarin wani irin inabi ne a ƙasar Italiya.

Inabi dai kun san shi, ko da ba ku ci ba kun ji sunansa a Alƙur'ani mai girma. Yanzu ma ana nomansa a ƙasar Kudan, kusa da Zariya. A Italiya kuwa yana cikin manyan abubuwan noma, har suna da irinsa fiye da 500 da hukuma ta rubuta, kowane yanki da nasa. Mafi yawansa giya su ke yi da shi, abin da addininmu ya haramta mana. Ba giyar ce ta tsai da ni a kan shafin ba, labarin irin ne.

A arewacin ƙasar, tsakanin birnin Milan da birnin Jenowa na bakin teku, akwai wani gari mai suna Tortona, kewaye da tuddai. Tun kaka da kakanni mutanen tuddan nan suna da wani farin inabi nasu na kansu, suna kiransa Timoraso. Sai masifa ta zo. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cin saiwa, wai shi filoksira, ya ƙetaro daga Amurka cikin dashen da aka ɗauko a jiragen ruwa. An ga ɓarnarsa a Faransa wajen 1863, ya bayyana a Italiya a 1879, ya bi gonaki yana kashewa. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda mu ke yi wa mangwaro: a dasa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron bai iya kashewa, a ɗaura mata reshen inabin gida.

To, sake dasa gona ɗungum aiki ne mai cin kuɗi, saboda haka kowa ya zaɓi irin da zai biya shi da sauri. Timoraso kuwa mai wuyar sha'ani ne. Bana ya yi 'ya'ya, baɗi ya ƙi. 'Ya'yan sun matsu da juna, in laima ta yi yawa sai su ruɓe. Ga shi da yawan tsiro, kullum sai an bi an rage. Manoma suka koma ga wani farin inabi mai suna Kortese, wanda ba ya ba da wahala, ya kuwa fi cika kwando. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka gama a 1945, samari suka gangara birane neman aikin masana'anta, tuddai suka zama sai tsofaffi. Kafin 1985 Timoraso ya kusa ƙarewa, sai 'yan kututture nan da can a gefen gonaki. Ku lura kuma, shi inabi ba a shuka ƙwallonsa in ana son ainihin irin, reshensa a ke dasawa, kamar rogo ko rake. Ranar da kututturen ƙarshe ya bushe, shi ke nan.

A wani ƙauye na tuddan nan mai suna Monleale akwai wani manomi, Walter Massa. Iyayensa sun bar masa ɗan abin da ya saura na Timoraso, bai kai rabin hekta ba, watau wajen eka ɗaya. A shekara ta 1987 ya tsinke 'ya'yansa dabam, ya matse su dabam, bai gauraya da na kowane iri ba, domin ya ga abin da ke cikinsa. Sai aka tarar abin da ya fito yana ƙara kyau in an ajiye shi shekaru, alhali na farin inabi da yawa lalacewa ya ke yi. Ya yanki rassa ya ƙara dashe, maƙwabta suka gani suka bi sahunsa. Suka haɗa kai suna sayar da kayansu da sunan Derthona, tsohon sunan garinsu na zamanin Rumawa. Yau gonakin Timoraso sun wuce hekta 300, fiye da eka 700 ke nan, har manoman waɗansu yankuna suna zuwa sayen ƙasa a tuddan da dā aka guje wa.

Da na gama karatun, sai na ga aibun da aka ɗora wa inabin nan kusan su ne na lissafa wa Baffa a kan maiwa: ba ta da tabbas, tana da wahala, ga wani iri da ya fi ta auki. Manoman can ba wawaye ba ne da suka bar shi, mu ma ba wawaye ba ne. Mai iyali dole ya shuka abin da zai ci da su. Amma da mutum ɗayan nan shi ma ya tumɓuke nasa, da duk kuɗin Italiya bai sayo irin ba, gama babu kasuwar da a ke sayar da abin da ya ƙare.

Abokina ya ƙara mini da wani misali na kusa da gida. Jar shinkafar nan ta gargajiya, irin wadda kakanninmu su ke shukawa a fadamar Rima, mai bin ruwa tana tsawo in gulbi ya cika, asalinta ta ƙasashenmu ce, ba daga waje aka kawo ta ba. An raina ta don ba ta da auki, kuma tana zuba in ta nuna. Amma tana danne ciyawa, tana jure fari da cuta. Wani masani mutumin Saliyo, Monty Jones, ya haɗa ta da shinkafar Asiya, aka sami sabon iri mai suna Nerika, har aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Ashe sabon irin da mu ke taƙama da shi daga tsoho a ke fid da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Na tambaye shi, shin hukuma ba ta ajiye irin waɗannan abubuwa? Ya ce akwai rumbunan iri masu sanyi, akwai ɗaya a Sadore kusa da Yamai, akwai wani babba cikin dutsen ƙanƙara a arewacin ƙasar Norway da aka buɗe a 2008. Da yaƙi ya ci ƙasar Siriya, a can masanansu suka karɓo irin da suka ba da ajiya, a 2015, suka sake shukawa. Amma ya ce, "Akawu, wa ya zo ƙauyenku ya ɗebi maiwar Kaka ya kai can? Abin da ke cikin gorar nan mai yiwuwa shi ke nan a duniya. Kuma irin hatsi a zafin ƙasarmu ba ya jiran mutum. Je ka gwada shi yau."

Na roƙi Inna ta fasa lakar. Na ƙirga ƙwaya 100, na shimfiɗa su cikin jiƙaƙƙen tsumma, na naɗe, na ajiye a inuwa ina yayyafa ruwa safe da yamma. Ran kwana na biyar na buɗe, na ƙirga waɗanda suka tsira, 46. Fiye da rabi sun mutu a cikin gora, ina nan ina cewa a bari sai mun koma gida. Ban iya duban idon Inna ba.

Na sami aron wani ɗan fili a bakin gari. Da ruwa ya zauna muka shuka, muka yawaita ƙwaya a kowane rami, da ta tsira muka rage. Abin da na ke tsoro shi ne ta gaurayu da geron maƙwabta, gama bununin hatsi iska ke kai shi daga gona zuwa gona. Amma jinkirin nan da na ke zarginta da shi, shi ya tsare ta, don kafin ta fid da kai gero ya riga ya gama bununi. Muka bi muka tuge shibra tun ba ta buɗe ba. Yara suka yi sati uku suna kaɗa gwangwani saboda tsuntsu. Allah ya taimake mu ruwa ya kai Oktoba, muka yanki dami uku. Inna ta zaɓi na iri tukuna, kāna ta yarda aka daka fura da saura. Da ta kurɓa sai ta daɗe ba ta ce kome ba, daga baya ta ce a kai wa Baffa tasa.

Ban sake yarda irin ya zauna a gida ɗaya ba. Na raba shi uku: kashi guda a wurinmu, guda ga wani ɗan'uwa a Sabon Birni, guda ga wata ƙanwar Inna da ke zaune a Gidan Runji. Sa'an nan na sayi littafi, na ja layi, na fara bin 'yan gudun hijira ina tambaya. Na sami mai zango dogo, na sami mai kaura, na sami wata tsohuwa da ƙullin farin wake na ƙauyensu. Na kuma sami da yawa da suka ce, "Muna da shi dā, ya ƙone."

Ga abin da na ke roƙonku, ku da Allah ya ba ku karatu da rubutu. Ku shuka sabon iri, ku ci amfaninsa, amma ku bar wa tsohon ko da kunya biyar ce kowace shekara. Ku zaɓi na iri tun a gona, daga tsakiya, ku ɗebi zangarniya da yawa, kada ku tsaya ga biyu ko uku. Ku shanya ta bushe sarai, ku sa toka, ku liƙe. Ku rubuta a jikin gorar sunan irin, da ƙauyen da ya fito, da shekarar da aka yanke shi. Kada ya wuce damina biyu ba a shuka ba. Ku ba wani amintacce a wani gari kaɗan daga ciki. In kuma akwai tsoho a gidanku, ku zauna ku tambaye shi sunayen abin da su ke shukawa dā, da ƙasar da kowane ke so, ku rubuta tun yana da rai.

Ban ce maiwar Kaka za ta wadata kowa kamar yadda inabin can ya wadata mutanen Tortona ba. Ban kuma san ranar da za mu koma ƙauyenmu ba. Amma gonar gangare tana nan inda muka bar ta, kuma ran da Allah ya nufa muka koma, muna da abin da za mu zuba a ramin farko. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya mai da kowa gidansa, ya ba mu damina mai albarka, amin.